Wasiƙa Zuwa ga Masu Rubuta Allunan Ayyukan Tallafi a Ƙasar Yauri



'Yan'uwa masu sana'ar allo da fenti, da masu buga fosta da bana a Yelwa, da ku ƙannena jami'an yaɗa labarai da ake ɗauka a shirye-shiryen haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da ƙasashen waje, ina gaishe ku da aiki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata rijiyar burtsatse ce da na tsaya a gabanta kwanakin baya, a wani ƙauyen bakin ruwa kan hanyar Wara. Famfon ya mutu tun kafin damina. Allon da ke gefensa kuwa yana nan garau, da tambari biyar a jere da dogon Turanci. Na tambayi matan da ke wucewa da jarkoki za su kogi ko wa ya haƙa ta, suka ce Turawa. Na ce to wa ake gaya wa in ta lalace? Babu wadda ta sani. Na karanta allon daga sama har ƙasa, ni ma ban samu amsa ba. Wanda ya zana shi gwani ne, haruffansa sun zauna, fentinsa bai koɗe ba. Amma ba don mutanen ƙauyen aka rubuta shi ba, don baƙon da zai zo duba aiki ne ya ɗauki hoto ya koma.

Kada ku ɗauka ina zuga ku ne ku yi watsi da ƙa'idar masu ba da kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Tarayyar Turai tana da sharaɗin cewa tambarinta, taurari 12 masu ruwan ɗorawa a kan shuɗi, ba a sauya masa launi, ba a miƙa shi ko a matse shi, ba a cusa shi cikin wani tambarin, kuma kada na wata hukuma ya fi shi girma. A gefensa sai jimlar da ke cewa ita ta biya kuɗin aikin, ko kuma da ita aka haɗu aka biya, kuma an yarda a rubuta wannan jimla da harshen mutanen wurin. Jamus da Birtaniya da Bankin Duniya kowa da nasa tsarin. Ku karɓi hoton tambarin na asali daga ofishin aikin, ku bar kwafo shi daga intanet, ku gwada launin a jikin ƙarfe kafin ku shafe allo duka. Wannan ba fadanci ba ne. Kuɗin harajin wasu talakawa ne a can ƙasarsu, suna da haƙƙin ganin inda ya tafi, kuma a ayyukan da Tarayyar Turai ke yi a cikin gidanta akan zabtare har kashi 3 cikin 100 na tallafin wanda ya ƙi bin waɗannan sharuɗɗa.

To amma ku dubi abin da suke yi wa nasu mutanen. A can ba tambari kaɗai ake kafawa ba. Ana wallafa sunan aiki da sunan hukumar da ta karɓi kuɗin da adadinsu, kowa ya gani. Me zai sa masunci a Zamare ko mai noman albasa a Shanga ya samu ƙasa da haka? Ƙa'idar mai ba da kuɗi ba ta cinye allo duka ba. In kun ba tambura haƙƙinsu, sauran filin na mutanen gari ne. A nan nake roƙonku ku sa abin da matan nan suka rasa: me ake ginawa, nawa aka ware, wane ɗan kwangila ne, yaushe zai gama, wa zai riƙe aikin bayan an miƙa shi, kuma wace lamba za a kira in ya lalace. Na san ba ku kuke yanke abin da ke hawa allo ba. Amma ku ne kuke kai zanen farko gaban shugaban aiki, kuma sau da yawa abin da kuka kai shi ake sa wa hannu. In aka ce adadin kuɗi sirri ne, ku tuna masa cikin ladabi cewa Najeriya tana da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011.

Akwai kalma ɗaya da na fi so ku yi taka-tsantsan da ita, ita ce tallafi. Mun mayar da ita bargon da ke rufe kyauta da bashi gaba ɗaya. Shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Kebbi ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, dala miliyan 500 Bankin Duniya ya amince da su a 2020. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa 19 da Abuja, dala miliyan 700 ne a ƙarshen 2021. Dukansu rance ne mai sassauci, ba sadaka ba, kuma yaran da ke zaune a waɗancan azuzuwan suna cikin waɗanda za su biya. Uban da ya san ajin nan bashi ne a wuyan 'yarsa ba zai ga ana rage siminti ana ƙara yashi ya kawar da kai ba. Wanda aka ce wa Bature ne ya kawo kuwa sai ya ce ai an taimaka, ko yaya aka yi an gode. Mu a Kebbi mun ga wannan da idonmu a shirin rancen noman shinkafa na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a jihar nan a watan Nuwamban 2015: manoma da yawa sun ɗauke shi rabonsu ne daga gwamnati, da lokacin biya ya zo aka yi ta kai ruwa rana. In kyauta ce ku rubuta kyauta. In rance ne ku rubuta rance, da manyan haruffa.

Ku kuma tuna cewa ofisoshin da ke bayan tamburan nan ba dawwama suke yi ba. GTZ ta Jamus ta koma GIZ a 2011. DFID ta Birtaniya an haɗe ta da ma'aikatar harkokin wajensu a 2020. USAID, wadda tambarinta ke jikin asibitoci da buhunan kaya a faɗin Arewa, an rufe ta a 2025. Allunan suna nan, masu su sun tashi. Adireshin da zai yi amfani bayan shekara biyar shi ne na sashen ƙaramar hukuma ko kwamitin gari da aka danƙa wa aikin.

Mutanen bakin tafkin Kainji sun daɗe da sanin abin da ake nufi da a yanke hukunci a kanka a takardar da ba ka iya karantawa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gungaye da gonaki da tsohuwar Busa, aka tashi mutane kusan 44,000, Gungawa da Kambari da sauransu, zuwa gidajen da wasu suka zana musu. Shi ya sa duk baƙon da ya zo da takarda a hannu sai ya yi aikin neman yarda kafin a saurare shi. Shirin bunƙasa kamun kifi na Najeriya da Jamus da aka fara a tafkin a 1993, tare da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, ya zo da magana mai ɗaci, wato a daina jan dala. Tarun ne mai ƙananan idanu da ake kama warangi da shi, amma yana kwashe 'ya'yan sauran kifaye tun ba su girma ba. Babu fostar da za ta raba mutum da abin da yake ciyar da iyalinsa. Ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa da shugabannin masunta aka bi da maganar lasisin kamun kifi da ta hanin, aka zauna da mutane gari-gari. Da ɗan gari akan ci gari. Ku da kuke tsara yadda saƙo zai isa ga jama'a, ku ware wa irin wannan zama kuɗi kafin ku ware wa riguna da huluna.

Sai harshe. Ku rubuta da Hausa, Turancin ya biyo a ƙasa da ƙananan haruffa, kuma Hausar ta zama wadda ake ji a kasuwar Yelwa, ba wadda kwamfuta ta juya ba. Ku sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu; na sha ganin “aikin raya kasa” a allo, alhali kasa dabam, ƙasa dabam. Ku ƙara layi biyu na ajami, don dattijon da bai yi boko ba yana karanta shi sarai. Abin da allo ba zai iya ba kuma a ba mai shela ranar kasuwa, a faɗa bayan sallar Juma'a, a naɗi murya da Gunganci da Kambarci da Fulatanci a tura ta WhatsApp. Tun bayan jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawan gaske, hukumomi irin su HYPPADEC, mai kula da yankunan madatsun wutar lantarki, suna raba rigunan kariya ga masu shiga ruwa. In aka kawo muku aikin buga tambari a jikin irin rigar nan, ku nemi a bar wurin zanen yadda ake ɗaura ta, a kuma rubuta a jikin kowane jirgi adadin mutanen da ya kamata ya ɗauka.

Game da hoto, ƙannena, ku ji tsoron Allah. Matar da ta zo karɓar iri ko ragar sauro ba ta sayar muku da fuskarta ba. Ku gaya mata inda hoton zai je, har Facebook da rahoton da za a karanta a Turai, in ta ce a'a ku sauke kyamara, kuma kada hakan ya taɓa rabonta. Yaro sai da yardar iyayensa. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 tana bayan matar nan, kunya da mutunci kuwa sun riga dokar zuwa. A wuraren da tsaro ya taɓarɓare kuma, inda tambarin ƙasar waje a jikin makaranta zai iya jawo idon ɓarayin daji, masu ba da kuɗin da kansu sun yarda a nemi izinin cire shi. Mutanen Birnin Yauri ba sa buƙatar a tuna musu sace 'yan makaranta da aka yi a garinsu a watan Yunin 2021. Ku nemi izinin a rubuce, kada ku jira sai wani abu ya faru.

Roƙona na ƙarshe mai sauƙi ne. Kafin ku haƙa ramin kafa allo na gaba, ku kai zanensa bakin ruwa, ku nuna wa mai tuƙa kwalekwale da mai ƙyafe kifi, ku tambaye su kuɗin wa ne, kuma wa za su kira in aikin ya lalace. In ba su iya faɗa ba, ku koma shago da shi ku sake.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya kiyaye mana masu shiga ruwa.

Wassalam.

Ɗan'uwanku, daga Yelwan Yauri.