Sharhi: Kafin a shigo da irin shanun waje, a duba gadon bayansu

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a watan Yulin 2024, ya kuma damƙa ta ga Idi Mukhtar Maiha, maganar inganta irin shanu ta zama ruwan dare a ofisoshin Abuja. Yarjejeniyar zuba jarin dala biliyan 2.5 da aka ƙulla da kamfanin JBS na Brazil a Nuwamban wannan shekarar ta ƙara wa batun ƙaimi. Sai dai duk hankali ya karkata ga nauyin dabba da saurin girmanta, ba a cika ambaton ƙashin da zai ɗauki wannan nauyin ba.

Masana kiwo sun fi lura da aibi uku a bayan shanun nama: lotsewar gadon baya, doro, da ƙugu mai tsananin gangara. Doro daban yake da tozo, wanda halitta ce ta Bunaji da Rahaji da Bokolo. Ba kowane doro ne na gado ba, domin ciwon kofato ko ciwon ciki kan sa saniya ta tanƙwara bayanta. Amma wanda ya riƙa bayyana a 'ya'yan bijimi guda, galibi jini ne ya kawo shi.

Asarar a fili take. Tsokar da ke kwance a gefe biyu na ƙashin baya ita ce nama mafi tsada a kasuwar duniya, kuma raunin baya yakan zo da ƙarancinta. Bijimi mai irin wannan aibi yakan gaza barbara tun bai tsufa ba. Ita kuwa saniya da ke tafiyar kiwo mai nisa da ciki, da wuri take kasawa.

A garken makiyayi, bijimi guda ba ya haifar 'ya'ya masu yawan gaske, kuma Bafulatani kan dandaƙe wanda ƙirarsa ba ta yi masa ba. Barbarar zamani ta sauya wannan lissafi, domin maniyyin bijimi ɗaya kan isa ga dubban shanu. Amurka ta ɗanɗana kuɗarta a 2008, lokacin da ƙungiyar masu kiwon shanun Angus ta tabbatar da wata cutar gado da ke sa a haifi maraƙi matacce, ƙashin bayansa a murɗe. An bi salsala aka tarar da ita a zuriyar wani shahararren bijimi, GAR Precision 1680, wanda shi kansa lafiyarsa lau a ido. Cutar ɓoyayya ce: sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita take bayyana, a kusan maraƙi ɗaya cikin huɗu. Gwajin ƙwayoyin halitta ne ya ba da damar tace garkunan.

Darasin ya shafi jami'an da ke rubuta sharuɗɗan kwangila da masu ba ministoci shawara. Ya kamata duk maniyyi ko bijimin da za a saya da kuɗin gwamnati ya zo da shaidar gwajin cututtukan gado da bayanin ƙirar 'ya'yansa, bayan takardar lafiya da hukumar killace kayan noma ta NAQS ke dubawa a kan iyaka. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ita ta fi dacewa ta riƙe rajistar bijimai, ta kuma bi diddigin maruƙan da aka haifa a gonakin da suka amfana.

Jinkiri a nan yana da tsada. Saniya na ɗaukar ciki wata tara, karsana kuma sai ta shekara uku ko fiye kafin haihuwar fari a kiwonmu na gida. Aibin da ya shigo bana ba zai fito sarari ba sai bayan an biya ɗan kwangila, an rufe fayil, jinin kuma ya riga ya bazu a garkunan makiyayan da ba su da hannu a zaɓen.