Mun sayar da takobin kaka, mun binne wanda ya iya riƙe shi



A farkon shekarar karatun bara, bayan an gama girbi, na ba ƴan ajina aikin gida. Na ce kowa ya tambayi iyayensa wane kaya ne ya fi daɗewa a gidansu, ya zo ya ba mu labarinsa. Wata yarinya ta kawo labarin turmin kakarta, wani ya kawo na allon kakansa. Sai wani yaro, ɗan gidan da kowa a garinmu ya sani da hawan doki, ya miƙe ya ce: “Mushe, da muna da takobi, amma baba ya sayar.”

Da marece na je gidansu na gaida mahaifin. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce wani dillalin tsofaffin kaya ne ya zo a tsakiyar damana, lokacin da rumbu ya ƙare, ya ba shi jika 25, shi kuma ya auno hatsi. Ban ga laifinsa ba, don wanda ƴaƴansa ke kukan yunwa ba a yi masa wa'azin tarihi. Amma na yi masa tambaya ɗaya: “Malam, a gidan nan wa ya iya riƙe takobin?” Ya yi shiru, sannan ya ce ƙanen kakansa ne na ƙarshe, kuma shekara uku ke nan da rasuwarsa. Na ce ko akwai wanda ya taɓa zama da shi ya koya? Ya ce babu. Wannan amsar ta fi sayar da takobin yi mini ciwo, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Ina takubbanmu ke zuwa? Duk mai waya ya shiga intanet ya rubuta “takouba” zai gani da idonsa. Ga su nan a shafukan gwanjo na Turai da Amurka, an ɗauki hoton kowane daga kai har ƙasa, an auna tsawonsa, an yi bayanin kubensa da hamilarsa. Na ga wanda kuɗinsa ya fi albashina na wata. Cikin masu saye akwai masu ratayewa a bango don ado, akwai kuma wasu mutane da ya kamata mu san labarinsu.

Tun daga shekarun 1990 aka samu wata harka a Turai ta farfaɗo da tsohuwar fasahar faɗa da takobi. Da Faransanci ana taƙaita sunanta da AMHE, da Ingilishi HEMA. Bindiga ta kashe wannan fasaha a can ƙarnoni da suka wuce, amma kakanninsu sun bar ta a rubuce. A gidan tarihin makamai na birnin Leeds a Ingila akwai wani littafi da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 1300, wanda ake kira I.33. A cikinsa an zana malami yana koya wa almajirinsa takobi da ƙaramar garkuwa, mataki bayan mataki, kuma a shafukan ƙarshe har da mace cikin masu riƙe takobin. Wani gwani ɗan Italiya, Fiore dei Liberi, ya rubuta nasa wajen 1409. Wani mai suna Joachim Meyer ya buga nasa a Strasbourg a 1570. Jikokinsu na yau, cikinsu da malaman makaranta irina, da likitoci, da ɗalibai, suna ɗauko waɗannan littattafai su fassara, su sa hular kariya da safar hannu mai kauri, su ɗauki takobi marar kaifi, su yi ta gwada abin da aka zana har jiki ya gane. Suna da ƙungiyoyi, suna da alƙalai, suna yin gasa. Tara takubba da suke yi reshe ne na wannan karatu: mutum yana son ya ji nauyin takobin gaske a hannunsa, ya gane me ya sa marubucin ya ce a tsaya haka, a kare haka.

To mu fa? Mu ne masu takobin da bai mutu ba sai jiya. A nan Adar, daga Madawa zuwa Buza zuwa Keita, ba a rasa dattijon da ya ga mahaifinsa yana fita da takobi a kafaɗa. Abzinawan Kel Geres na kewayen Madawa har gobe suna rataya shi ranar biki. Ran sallah mahaya suna fitowa da shi a gaban sarakuna. Amma tambayi matashin da ke kan dokin ya nuna maka yadda ake zare shi daga kube ba tare da ya yanki linzami ba, ko yadda ake kare sara da garkuwa. Mafi yawa dariya za su yi. Takobin ya zama kamar rawani, kayan kwalliya.

Akwai abin ban takaici a tarihin ƙarfen kansa. Da yawa daga cikin ruwan tsofaffin takubbanmu a Turai aka ƙera su, musamman a garin Solingen na Jamus, ayarin raƙuma suka tsallako da su Sahara. Maƙeranmu suka sa musu mariƙi, suka wasa su yadda hannunmu ke so, daga baya ma suka riƙa ƙera nasu suna buga musu tambari irin na waje, kamar jinjirin wata biyu da ake gani a jikin ruwan. Dukawa suka ɗinka kube, aka saƙa hamila. Ƙarfen da ya zo a bayan raƙumi yanzu yana komawa cikin jirgin sama. Abin da yake namu tsantsa a jikin takobi shi ne hannun da ya san shi, kuma wannan ba ya shiga jirgi, kabari yake shiga.

Namu ilimin a jiki aka ajiye shi, uba ya koya wa ɗa, kawu ya koya wa ɗan ƴar'uwarsa. Bature yana iya mantawa shekara 400 ya dawo ya buɗe littafi. Mu idan tsohon nan ya rasu, shi ke nan. Dubi garkuwar da ake haɗawa da takobi: da fatar warwaji ake yin mafi kyawunta, wannan dabbar daji mai dogayen ƙahoni. A shekara ta 2000 aka ayyana cewa ta ƙare a daji, sai da aka ɗauko waɗanda aka kiwata a waje aka fara mayar da su Chadi a 2016. Dabba an samu irinta a wani wuri an maido. Sanin da ke kan dattijon Buza ba shi da iri a ko'ina.

Mu malamai muna da namu kason laifin, kuma da kaina nake farawa. Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17, zuriyarsa ta kafa sarautar da ke Illela. Ina koya musu tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917. Suna haddacewa, suna rubutawa a jarrabawa, suna mantawa. Ban taɓa kawo musu takobi aji ba. Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya buga littafinsa kan tarihin Adar tun 1975, kuma da bakin dattawa ya tattara kaso mai yawa na abin da ke ciki. Mu da muke kwana gari ɗaya da dattawan, me muka tattara?

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a ɗakin malamai.

Na farko: “Ana fama da ɓarayin daji a bakin iyaka, kai kuma kana son a koya wa yara makami?” Wannan tsoro ne na gaskiya, ni ma uba ne. Amma a faɗa mini, ɗan bindigar da ya tare hanya, a wace makarantar takobi ya yi karatu? Yaron da ke soke abokinsa da wuƙa a kan waya ko a kan budurwa, wa ya taɓa tsayawa a kansa ya koya masa haƙuri? Makami a hannun wanda ba shi da malami shi ne bala'i. A wajen tsofaffin da na zauna da su, darasin farko shi ne ba a zare takobi don wasa, ba a zare shi a kan wanda ba ya riƙe da komai. Ban da haka, abin da nake kira a yi da sanda za a yi shi, a gaban malami, da doka. Muna kai ƴaƴanmu karate da tekwando a Tawa da Yamai, muna biyan kuɗin farar riga, muna tafi idan sun samu ɗamara. Ba wanda ya ce Japan da Koriya suna koya musu ta'addanci. Sai namu ne ya zama abin tsoro?

Na biyu: “Wannan al'adar jahiliyya ce.” A rarrabe. Layu da guraye da cin maganin ƙarfe hanyarsu daban, ban zo kare su ba. Motsa jiki da iya kare kai kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mutanen Habasha sun yi wasa da masu a cikin masallacin Madina, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar su, har Nana A'isha ta tsaya tana kallo. Wanda ke da hujjar da ta fi wannan ya kawo.

Na uku: “Mutane na yunwa, kana zancen tsohon ƙarfe.” Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban zagi mahaifin ɗalibina ba. Amma jika 25 ta ƙare cikin mako uku, takobin kuwa ya tafi har abada, kuma ribar gaske a aljihun wani ta faɗa. Ƙasar nan tana da dokar kare kayan tarihi da al'adu tun 1997, sai dai doka ba ta san abin da ke ƙarƙashin gadon tsohuwa ba. Talauci ya tilasta sayar da ƙarfen, na yarda. Wane talauci ne ya hana mu zama da tsohon mu tambaye shi? Wannan kyauta ne, sakaci ne kawai ya hana.

Wanda ke ganin abin ba zai yiwu ba ya tuna da kokawa. Da wasan dandali ce bayan girbi. A 1975, a nan Tawa, aka yi gasar ƙasa ta farko, Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Aka rubuta dokoki, aka horar da alƙalai, aka gina filaye, yau duk ƙasa na tsayawa cik idan ana karawar ƙarshe. Kuma mene ne kyautar sarkin kokawa? Takobi! Kowace shekara muna kallon gwarzo yana ɗaga shi sama, muna ihu, ba mai tambayar ko saura mutum nawa a Nijar suka san aikinsa. Mu mutanen Keita da Buza mun kuma ga yadda ake maido da abin da aka ce ya mutu. Daga 1984 aikin raya ƙasa na Keita ya sa iyayenmu, galibinsu mata, suka ɗauki duwatsu a ka, suka tare zaizaya, har fako ya koma gona. Layukan itatuwan da suka kare kwarin Majiya daga iska da hannu aka dasa su, ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya bukatar kuɗin gwamnati.

Ƴan'uwana malamai, kowane ɗayanmu ya nemi dattijo ɗaya a garin da yake aiki, wanda ya taɓa riƙe takobi da garkuwa, ko ya iya wasan sanda. A je da goro da ladabi, a nemi izininsa, a ɗauki bidiyo da waya. A tambaye shi sunan kowace tsayuwa, kowane sara, kowace kariya, da Hausa ko da Tamashek, a rubuta yadda ya faɗa. A tambaye shi wa ya koya masa. A je wurin maƙeri da baduku su ma, don su ne suka san sunan kowane sashe. A ajiye kwafi a makaranta, a aika wani ga masu binciken tarihi a jami'ar Tawa ko cibiyar tarihin baka ta CELHTO a Yamai. Ran Laraba da marece, a gayyato tsohon ya zauna a inuwa, yara su riƙe karan dawa ko sanda mai laushi, ya gyara musu ƙafa da hannu. A sa ƴan mata a ciki.

Iyaye, idan akwai takobi a gidanku, ku fito da shi. Ku goge tsatsar da tsumma da ɗan mai, kada ku kai shi ga injin wasa wuƙa, don yana cinye tambarin da ke nuna asalinsa. Ku ɗauki hotonsa, ku rubuta sunan mai shi na farko da kuka sani a takarda, ku ajiye tare da takardun gona. Idan wuya ta kai wuya har sai an sayar, ku fara tallata shi ga dangi ko ga fadar sarki kafin dillali.

Yaron nan da na fara da labarinsa ya dawo mini bayan mako biyu da wani tsohon kube marar takobi, fatar ta bushe ta tsattsage. Ya ce dillalin ya bar shi don ya lalace. Yana nan cikin akwatin ajinmu. Ya kuma gaya mini cewa a wani ƙauye kusa da mu akwai tsoho ɗaya da ya yi wasa da ƙanen kakan mahaifinsa tun suna samari, idonsa ya raunana amma hankalinsa garau. Ran Laraba mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu je da yara shida da sanduna. Wanda ke da irin wannan tsoho a garinsu, kada ya jira sai an gama jarrabawa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya.