Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Yaran Da Ake Haifa Da Guntun Kunne

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano, da shugabannin Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Mai wannan wasiƙa mazaunin Ƙofar Dawanau ne, kuma ya ɗauki alƙalami ne saboda wasu yara da ba kasafai ake ganinsu ba, domin iyayensu sun ƙware a ɓoyo. Namiji a jawo masa hula har kunci, mace a ɗaura mata ɗankwali tun tana goye. Ranar da ake huda wa sa'o'inta kunne, uwa sai ta shige ɗaka. Su ne waɗanda aka haifa da guntun kunne kamar ƙwayar gyaɗa, ko ma babu shi sam, abin da likitoci ke kira maikuroshiya.

Ƙididdigar ƙasashe ta nuna ana samun haka a tsakanin 1 zuwa 5 cikin haihuwa 10,000. Ya fi yawa a maza, ya fi kama kunnen dama, kuma kusan 9 cikin 10 gefe ɗaya ne. Ciwon sukarin da uwa ke da shi kafin ɗaukar ciki da wasu magunguna masu ƙarfi suna ƙara haɗarinsa, amma galibi ba a gano sanadi. A unguwa kuwa an riga an yanke hukunci: kambun baka ne, ko iska, ko wani abu da uwar ta kalla tana da juna biyu. Ita ke shan zargi, yaro kuma a sa shi a layin kurame.

Nan ne zuciyar marubucin ta fi ƙuna, domin yawancinsu ba kurame ba ne. Ƙofar kunnen ce ta toshe, amma can ciki, inda jijiyar ji take, lafiya lau. Sauti na iya bi ta ƙashin kai ya isa wurin. Tun 1977 wani likita a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin, Anders Tjellström, ya fara dasa na'urar ji a ƙashin bayan kunne. Yau akwai irinta da ake ɗaura wa jariri a kai da ɗan maɗauri mai laushi, ba yanka ba ɗinki. Yaron da kunnuwansa biyu suka toshe, in ya same ta da wuri, zai yi gwaranci ya buɗe baki tare da tsaransa. In aka bar shi sai ya shiga makarantar allo, an yi asarar shekarun da harshe ke kama magana.

Gyaran siffar kunnen ba ya bukatar gaggawa. Radford Tanzer na Amurka ya bayyana hanyarsa a 1959: a yanko guringuntsin haƙarƙarin yaron, a sassaƙa shi surar kunne, a saka ƙarƙashin fata. Satoru Nagata na Japan ya inganta aikin ya koma tiyata biyu, yana jira sai yaro ya kai shekara 10, faɗin zagayen ƙirjinsa ya kai santimita 60. Wanda bai son tiyata kuma ana iya ƙera masa kunnen roba mai launin fatarsa.

A wannan shekara ta 1959 aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala, maƙwabcin Ƙofar Dawanau. Yana da likitocin gyaran fata da ƙuna, yana da masu ƙera gaɓoɓin roba. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A Kaduna ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tun 1999. Hannuwan suna nan, a warwatse ne kawai, shi ya sa uba ke yawo da kati daga wannan layi zuwa wancan har kuɗin mota ya ƙare ya haƙura.

Roƙon marubucin shi ne a haɗa su ɗaki ɗaya, ko da rana ɗaya ce a wata: likitan kunne, likitan gyaran fata, mai gwajin ji, mai koyar da magana, da likitan yara da zai duba ƙoda da muƙamuƙi, tunda wani lokaci matsalar takan zo tare. Sakkwato ta gwada irin wannan. Asibitin masu cutar Noma da aka kafa a can a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, yana karɓar ƙwararru daga ƙetare suna gyara fuskokin yara kyauta, likitocin gida suna koyo a gefensu. Sassaƙa kunne ma sana'a ce ta hannu, sai an tura matasan likitoci sun zauna gaban gwani.

Sai batun kuɗi. Na'urar jin nan ta fi ƙarfin ɗan dako a kasuwar Dawanau, don haka ya dace Mai Girma Kwamishina ya nema mata gurbi a tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Ungozomomi da ma'aikatan riga-kafi su ma a ba su umarni a rubuce: duk jaririn da suka gani da guntun kunne, a Asibitin Murtala ne ko a ɗakin shan magani na unguwa, su tura shi gwajin ji kafin ya cika wata 3, su kuma gaya wa uwar a gaban mijinta cewa ba laifinta ba ne.

Wassalam.