Sha-ka-fashe ba maganin ciwon kai ba ne

'Yan uwana ɗalibai, akwai wata ƙwaya da ta zama ruwan dare a kemis-kemis, tun daga cikin Sakkwato har Wurno, Rabah da Goronyo: deksa, wadda aka fi sani da sha-ka-fashe. Wasu don ƙiba suke sha, wasu kuma a cikin haɗin maganin ciwon kai ake ƙulla musu ita. Wannan na biyun ne ya fi tayar mini da hankali.

Ga dalilina. Ƙwaƙwalwa tana da nata sojojin garkuwa, ana ce musu maikirogiliya. Idan ƙari ya fito a cikinta, musamman mugun nan giliyobilastoma, sai ya riƙa sakin sinadarai yana kiran waɗannan sojoji, da wasu daga cikin jini. Suna isowa ya juya musu tunani. Maimakon yaƙi, sai su koma taya shi tsiro da sababbin jijiyoyin jini, suna kuma kashe wa sauran sojojin jiki gwiwa. A irin wannan ƙari, kashi ɗaya cikin uku na tsokarsa, ko fiye, sojojin da aka saye ne. Sababbin jijiyoyin suna yoyo, ruwa ya taru, ƙwaƙwalwa ta kumbura, ga ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Daga nan ciwon kai da amai suke tasowa.

Deksa tana sace wannan kumburi cikin 'yan kwanaki, shi ya sa likitoci ke ba da ita, da awo, kafin tiyata. Amma ƙarin yana nan daram, kuma ƙwayar tana ƙara raunana garkuwar jiki. Wanda ya saya da kansa zai ji garau, ya ce ai na warke, alhali an rufe tura da barci ne, ciwo na ta girma.

Kar a ce na ce duk ciwon kai ƙari ne. Galibi maleriya ce, ko yunwa, ko karatun dare. Amma ciwon kan da ya fi tsanani da asuba, ya zo da amai ko dishi-dishin gani, ko farfaɗiyar da ta fara kama baligi, ko sanyin hannu da ƙafa a ɓari ɗaya, wannan ba na kemis ba ne. A yi addu'a, a kuma kama hanyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Hoton kai da tsada, na sani, ga kuɗin mota, amma jinkiri ya fi shi ci.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno tun 1837, da hannunsa ya rubuta littattafan magani, har da na ciwon ido da basir. Neman sanin cuta gadonmu ne. In an tafi hutu, ku duba ƙullin maganin da Inna da Baba ke sha, ku tambayi mai kemis sunan kowace ƙwaya.