Cleve Abbott da 'yan matan Tuskegee

Duk sanda aka ambaci Cleve Abbott a Amurka, ƙwallo ake fara lissafawa: ya horar da samarin kwalejin Tuskegee ta jihar Alabama daga 1923 zuwa 1954, ya ci wasa sama da 200 a ƙwallon nan tasu da ake rungumewa a sheƙa da gudu. Madalla. Amma ni saboda 'yan mata nake jinjina masa.

A 1927 ya kafa gasar tseren Tuskegee don ɗaliban baƙar fata, zamanin da a kudancin ƙasar ba a barinsu su taka fili ɗaya da farare. Ba a jima ba ya shigar da mata. A 1937 'yan matansa suka lashe kofin guje-guje da tsalle-tsalle na ƙasa baki ɗaya, suka yi ta maimaitawa har sau 14.

To ina masu riƙe da lalitar wasanni a makarantu? Da ku nake. Ku ne in aka zo maganar ƙwallon samari sai ku kwance bakin jaka, ga riguna, ga mota, ga alawus. In aka ce yarinya na son takalmin gudu, sai ku ce babu kuɗi. Kullum babu kuɗi! Tuskegee ɗin ma ai ba a cikin daula take ba, makarantar jikokin bayi ce, amma kocinta bai fake da babu ba.

Ku dubi Alice Coachman. A garin Albany na jihar Jojiya ta taso, tana gudu ba takalmi a kan turɓaya, tana ɗaura igiya a jikin sanduna ta tsallake, don an hana ta filin gari. A 1939, tana 'yar shekara 16, ta shiga Tuskegee hannun Abbott. Shekara 10 a jere ba wadda ta ƙwace mata kambin tsallen sama a Amurka. Yaƙin duniya ya cinye mata gasar Olamfik biyu, duk da haka a Landan a 1948 ta haye mita 1.68, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci zinare.

Abin da ke min ciwo har yau shi ne tarbar da aka yi mata a gida. An shirya biki don karrama ta, amma a zauren aka ware baƙaƙe gefe guda, farare gefe guda. Haba jama'a! Yarinyar da ta fitar da ƙasa kunya?

Abbott ya rasu a 1955, bai ga Mildred McDaniel, wata 'yar Tuskegee, ta ɗauko zinaren tsallen sama a Melbon a 1956 ba. Iyaye, don Allah in an kira taro a makarantar 'ya'yanku, ku miƙe ku tambayi masu riƙe da lalita: nawa aka ware wa filin 'yan mata bana?