Noti ɗaya da jakar iska: cire sitiyari a ƙofar gida a Isa da Sabon Birni

A zamanin da Fijo 504 ke mulkin hanyoyin Arewa, cire sitiyari aikin yaron gareji ne. A ɓalle murfin tsakiya, a kwance noti ɗaya, a girgiza hagu da dama, sai ya fito. Kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975 ya cika ƙasar nan da irin wannan mota, kuma a kanta kanikawa da direbobi masu yawa suka koyi sana'a, suka koyar da na bayansu. Ilimin ya gadu daga hannu zuwa hannu, motar ce ta canza. Abin da ake kira tsohuwar mota yau a tashar Isa ko ta Sabon Birni shi ne Golf 3, da Sharon, da Corolla ko Honda ta ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, mafi yawansu 'yan Kwatano. A bayan madannin oda na da yawa daga cikinsu akwai jakar iska, a bayan jakar kuma akwai sinadari mai fashewa.

Shawarar da aka saba ji daga masu ilimi ita ce a kai wa ƙwararre. Shawara ce mai kyau ga mazaunin Kano ko Abuja. Ga mutumin gabashin Sakkwato, babban garejin da ke da na'urar binciken kwamfutar mota yana nufin tafiya birni, tafiya birni kuma tana nufin hanya. A Disambar 2021 'yan bindiga suka ƙone motar fasinja da mutanen cikinta a kusa da Gidan Bawa. A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba yana dawowa daga Sakkwato, kuma a hannunsu ya rasu cikin watan Agusta. Hanyar Marnona zuwa Isa ta dajin Gundumi ta daɗe direbobi suna ƙaurace mata. A ɗora tsadar fetur tun cire tallafi a Mayun 2023. Direban da odarsa ta mutu, ya zauna a inuwar ƙofar gida da sifana yana neman gyara da kansa, ya auna haɗari biyu ne ya ɗauki wanda yake gani ƙarami. Zarginsa da ganganci rashin sanin halin da yake ciki ne. Abin da ya cancanta shi ne a gaya masa, cikin harshensa, inda wannan ƙaramin haɗarin yake ɓoye.

Dalilan cire sitiyari ba su da yawa. Oda ta daina kuka, ko sandar sigina ta karye, ko makulli ya ɓata ana son kaiwa ga gidansa. Waɗannan duk uzuri ne karɓaɓɓe. Akwai kuma dalilin da ya fi su yawan faruwa a hanyoyi masu ramuka, wanda ya kamata a yi watsi da shi: mota ta faɗa rami, daga nan sitiyari ya karkace alhali tana tafiya miƙe, sai a cire shi a mayar a tsaye bisa wasu haƙoran sandar. Ido ya gamsu, amma ciwon yana ƙasa. Karkacewar alama ce ta cewa tayarod ya lanƙwashe ko saitin tayoyin gaba ya goce. Wanda ya miƙe sitiyari daga sama ya goge shaidar da motar ke ba shi ne kawai. Taya za ta ci gaba da cinyewa ta gefe ɗaya, motar za ta fi karya kwana ta wani ɓangare fiye da ɗayan, kuma ƙarfen da ya lanƙwashe yana nan yana jiran rami na gaba. A hanyar da direba kan buƙaci juya mota cikin daƙiƙu idan ya hango abin da bai gamsu da shi ba, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Gyaran karkacewa a ƙasan mota yake, wajen mai alaimen.

Idan cirewar ta zama dole, tambayar farko ita ce ko akwai jakar iska. Yawanci ana rubuta SRS ko AIRBAG a kan murfin tsakiya. Golf 3 tana da ruɗi a nan, domin tun 1992 aka fara sa mata jakar, wasu na da ita wasu babu, don haka ganin an buɗe ta maƙwabci lafiya ba hujja ba ce. Motocin da suka fito daga Amurka kuwa, doka ta wajabta wa ƙananan motoci jaka biyu a gaba tun samfurin 1998. Jakar tana fitowa da gudun da kan kai kilomita 300 a sa'a, ta cika kafin ƙiftawar ido. An ƙera ta ne domin mutumin da ke zaune nesa da ita, ɗaure da bel. Wanda ya sunkuya a kanta da sukundireba a hannu, fuskarsa da wuyansa ne za su karɓi bugun.

Kariyar ba ta cin ko kwabo. A miƙe tayoyin gaba, a kashe mota, a cire wayar batir ta nagatib, sannan a jira. Jiran nan shi ne abin da masu gaggawa ke tsallakewa, alhali na'urar jakar tana riƙe da ragowar wuta na ɗan lokaci bayan an raba ta da batir, domin ta iya aiki ko da batir ya fashe a hatsari. Kamfanoni sun bambanta a tsawon jiran da suke faɗi, minti goma ya wadatar. Jakar da aka ciro a ajiye ta fuskarta na kallon sama, nesa da yara da wuta; idan aka kife ta kuma ta tashi, ƙarfenta ne zai yi sama. Kada mai wayarin ya gwada wayoyinta, waɗanda galibi ruwan ɗorawa ne, da mita ko ƙwan gwaji, domin 'yar wutar gwajin tana iya tayar da ita.

Sai noti. A yi alama da alli ko fenti a kan sanda da sitiyari kafin a raba su. A sassauta notin amma a bar shi a bakin zaren, saboda sitiyarin da ya shekara ashirin a manne kan saki ne farat ɗaya, kuma haƙoran mai ja ne a gabansa. Guduma kuwa gadon zamanin da ne da ya kamata a ajiye. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake ƙera sandar sitiyari yadda za ta noƙe cikin kanta a karo maimakon ta soki ƙirjin direba, kuma dukan kanta yana iya karya abin da ke riƙe da gaɓoɓinta ba tare da an gani ba. Akwai ɗan ƙarfen janyewa da aka yi domin wannan aiki, kanikawan tasha ɗaya za su iya haɗa kuɗi su mallaki guda. A ƙarƙashin sitiyarin akwai naɗin siririyar waya mai kai wuta ga oda da jaka. Idan aka bar shi ya juya sakaka, zai tsinke a kwanar farko, oda ta mutu, jaka ta zama ado. A ɗaure shi da salatif har a gama. Wajen mayarwa, notin nan ɗaya shi ne duk abin da ya haɗa hannun direba da tayoyi, ba wurin ɗauri da ƙiyasi ba ne.

Akwai wani haɗarin da ko mai bin ƙa'ida bai tsira daga gare shi ba. Kamfanin Takata na Japan ya yi shekaru yana sayar wa masu ƙera motoci jakunkuna masu amfani da amoniyam naitiret, sinadarin da zafi da laima ke lalatawa a hankali, har ya fasa gidansa na ƙarfe ya watsa wa direba ɓaraguzai. A Amurka kaɗai an janye irin waɗannan kimanin miliyan 67, mutum fiye da 25 sun mutu, kamfanin ya durƙushe a Yunin 2017. A Fabrairun 2023 Honda ta gargaɗi masu wasu Accord da Civic na 2001 da 2002 da ba a gyara ba su daina tuƙa su gaba ɗaya. Wasiƙar janyewa tana zuwa ga adireshin mai mota a Amurka, ba ta bin motar ta teku zuwa Kwatano, balle ta iso Isa. Amma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, tana da shafin intanet da ake shigar da lambar shasi mai alamomi 17 kyauta, ya faɗi ko motar na da janyewar da ba a gyara ba. Ma'aikacin da ke Sakkwato ko Abuja, wanda ya saya wa ƙanensa mota don haya a gida, minti biyu wannan zai ɗauke shi.

Masu adawa za su ce bayyana matakan nan ƙarfafa wa jahili gwiwa ne ya taɓa abin da ya fi ƙarfinsa. Maganar tana da nauyi, sai dai ta makara, gama ana taɓawa tuni, da ilimin 504 ko da guntun bidiyon Turanci da ba kowa ke fahimta ba, a yankin da ko sabis ɗin waya an taɓa yanke shi da gangan a Satumbar 2021. Hukumar NADDC tana horar da kanikawa, kuma Isa da Sabon Birni sun fi manyan birane buƙatar a tuna da su idan ana rabon gurabe. Idan tsaro ya hana malamai zuwa, ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta direbobi ta NURTW suna da shugabanni a tashoshi, ana iya kiran mutum biyu daga kowace ƙaramar hukuma zuwa Sakkwato su koma su koyar. Hukumar FRSC da gidan rediyon Rima za su iya yin sauran cikin shirin minti goma sha biyar. Darasin farko ma na masu sayen mota ne: idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska a dashbod za ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. Wadda ta ƙi mutuwa tana nuna matsala. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa wani ya cire jakar, ko ya tsinka naɗin wayar, sannan ya cire ƙwan don kada mai saye ya gani.