Ƙarar Salansa Ba Ita Ce Ƙarfin Babur Ba

Wata ɗabi'a ta yaɗu tsakanin samari masu babura a Kano da Kaduna da sauran biranen ƙasar nan, watau cire salansar da babur ya zo da ita daga kamfani, a liƙa masa wata ta kasuwa, ko kuwa a farke cikin ta asalin domin ta riƙa ruri. Dalilin da suke bayarwa shi ne wai babur yana ƙara gudu. Ya kamata a dubi wannan magana da idon basira, gama abin da ake saye da kuɗi a nan yawanci ƙara ce kawai.

Injin babur da iska da fetur yake aiki, kafireta kuwa ita ce ke gauraya su. A bisa awon nauyi, kashi ɗaya na fetur yana bukatar kimanin kashi 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Masu ƙera Bajaj Boxer, ko Honda CG125 wanda ya fito a 1975, sun auna salansa da matacin iska da 'yar ƙofar man da makanikai ke kira jet, suka daidaita su wuri guda. To, idan aka buɗe wa hayaƙi hanya fiye da kima, sau da yawa iska takan rinjayi mai. Daga nan sai inji ya ɗauki zafi, bututun hayaƙi ya yi shuɗi, babur ya riƙa harbi in an saki totur, a ƙarshe bawul ya ƙone ko fistin ya lalace. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Wanda ya san aikin yakan sauya jet, ya gyara matsayin allura, sa'an nan ya kwance fulogi ya duba bakinsa. In ya yi fari, mai ya yi kaɗan. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. In ya yi ruwan ƙasa, to, an dace. Har tudun gari yana da tasiri, domin babur da aka daidaita a Kano yakan so a sake duba shi a Jos, inda tudu ya kai wajen mita 1,200, iska kuma ta fi rashin kauri. Amma abin takaici, a gareji da yawa yaron shago ne zai murɗa sukuru da ka, ya ce an gama. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ko da an yi aikin daidai ma, ƙarfin da ƙaramin inji ke ƙarawa bai taka kara ya karya ba, ga shi kuma jet mai faɗi ya fi shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai ya yi tsada ƙwarai, saboda haka ƙaramin ma'aikaci da ɗalibi su ne farkon masu jin wannan asara a aljihu.

Sai kuma haƙƙin jama'a. Masana lafiya sun tabbatar cewa daɗewa cikin ƙarar da ta kai desibel 85 yana cutar da ji, mahayin kansa kuwa shi ne mafi kusa da bututun. Majinyaci a asibiti, da ɗalibi mai bitar jarrabawa, da tsohon da ke neman barci, babu wanda aka nemi yardarsa. Doka ba ta yi shiru ba, don an kafa hukumar NESREA a 2007, aka kuma fitar da ƙa'idojin hana yawan ƙara a 2009. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa.

Saboda haka wajibi ne jami'an duba ababen hawa su sa lafiyar salansa cikin abin da suke bincike, ƙungiyoyin makanikai da makarantun koyon sana'a kuma su koya wa almajiransu daidaita kafireta bisa awo. Mai babur kuwa, in salansarsa ta ruɓe, ya nemi irin ta asali ya mayar, kuɗin da ya rage ya sayi baƙin mai da shi.